Wane Aiki Za Ka Kama a Harkar Shanu?

Ɗana, ka tambaye ni wane aiki ya fi dacewa ka ƙware a kai cikin harkar shanu, da kuma dalilin da ya sa na ajiye ka wajen maruƙa da wurin tatsa, alhali ranka yana kan aikin barbarar zamani, wato sa wa saniya maniyyin bijimi da hannu ba tare da ya hau ta ba. Bari in fara da yadda harkar take tukuna, don ba a zaɓen ɗaki a gidan da ba a zagaya ba.

Kasuwancin shanu kashi biyu ne, na nama da na madara. A ɓangaren nama akwai mai riƙe garken mata yana sayar da maruƙa bayan yaye, akwai mai saye ya ci gaba da rainonsu a makiyaya, akwai mai turke su yana ba su hatsi da dusa har su yi ƙiba. Daga nan sai dillali, mai mota, mayanka, mahauci. Kuɗin wannan ɓangare a dunƙule yake zuwa bayan watanni, don haka mai gajen haƙuri ba ya jimawa a cikinsa. Ita kuwa madara kullum akwai abin sayarwa, kullum kuma akwai aiki, safe da yamma, domin hantsa ba ta san ranar hutu ba.

Yanzu ka saurara da kyau, nan ne gindin maganar. Saniya ba ta ba da madara sai ta haihu. Cikinta kwana 283 ne ko kusa da haka. A lissafin masu sana'a ana tatsarta kwana 305, a bar ta ta huta kwana 60 kafin haihuwa ta gaba. In ana so ta haihu duk shekara, dole ta ɗauki ciki cikin kwana 80 da 'yan kai bayan ta haihu. Neman bijimi kuwa, wato lokacin da take son barbara, yana zuwar mata ne kusan duk kwana 21, ba ya kai yini da kwana, sau da yawa ma da dare yake farawa. In ya wuce ba a gani ba, an yi asarar mako uku, tana ci tana sha, madararta tana ja da baya.

Mai barbarar zamani yana da gwaninta, ban raina shi ba. Yana ajiye maniyyin bijimi cikin tulu mai ruwan naitirojin da sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, ya narkar da shi a ruwa mai ɗumin kusan digiri 35, ya kai shi cikin mahaifa da hannun da ya saba. Amma sai an kira shi yake zuwa. Wa ke kiransa? Wanda ya ga saniya ta tsaya cak wata ta hau ta ba ta goce ba, gashin gindin wutsiyarta ya murje, yauƙi garau yana zuba mata, ta rage ci, tana yawan kuka. In an ga haka da safe, da yamma ake yi mata. In idon mai kula ya makara, ko hannun wa aka kira, an zubar da kuɗi a banza. Wannan idon nake so ka fara samu. Ranar da ka fara riga ni nuna wadda ke nema, ni da kaina zan haɗa ka da mai barbarar ka bi shi, kuma a lokacin za ka koya da sauri fiye da wanda ya fara da riƙe tulu.

Maruƙa kuma, da kake ganin kamar an mayar da kai baya, su ne garken da za a tatsa nan da shekara biyu. Maraƙi yana faɗowa ba shi da garkuwar jiki, sai abin da ya samu a dakashi, wato madarar farko bayan haihuwa. Hanjinsa yana tsotse wannan garkuwa sosai a sa'o'in farko, bayan awa 24 kuwa hanyar ta toshe. Shi ya sa nake matsa maka ya sha cikin awa shida na farko, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a kuma tsoma cibiyarsa a aidin. Wanda aka yi sakaci da shi a daren farko, zawo da ciwon huhu ne za su yi ta bin sa, in ya rayu ma a tsumbure zai tashi. Karsana tana shekara biyu tana ci ba ta kawo ko kwabo ba. Ka ga kuwa ba kowa ake damƙa wa irin wannan jari ba.

Haka mai tatsa. Mutane suna ɗaukarsa leburan gona, ni kuwa da shi nake fara auna kowace gona. Saniya tana sakin madara ne na 'yan mintoci bayan an shafa hantsarta. In aka daka mata tsawa ko aka doke ta, sai ta riƙe. Mai tatsa na ƙwarai yana fara tsiyayo kaɗan daga kowane kan nono ya duba. In ya ga gudaji, ko ya ji gefe ɗaya ya yi zafi ya yi tauri, ya san ciwon hantsa ya shigo tun likita bai ji labari ba. Bayan tatsa yana tsoma kan nonon a magani, domin ƙofarsa takan ɗan jima a buɗe. Wadda ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kuwa a sa mata alama, a zubar da madararta har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika. In ta saniya ɗaya ta shiga tanki, kamfani zai iya mayar da mota guda, kuma yarda in ta tafi ba ta saurin dawowa.

Sauran ayyukan ka riga ka gan su suna shiga suna fita. Mai haɗa abinci, wanda a hannunsa kuɗi mafi yawa ke fita. Likitan dabbobi, mai rigakafi da gwajin ciki. Makaniken injin tatsa da na sanyaya madara, domin tana fitowa da ɗumin jiki, dole a saukar da ita zuwa digiri 4 cikin 'yan sa'o'i. Direban tanka, mai gwaji a ɗakin bincike, ma'aikacin masana'anta da ke ɗumama ta a digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta. Akwai mai rubuta ranar barbara, ranar haihuwa da litar kowace saniya; manajan da ba shi da wannan littafi da ka yake aiki. Akwai kuma mai gyaran kofato, kuma a ganina samari suna wuce wannan sana'a ba su san abin da suka bari ba. Saniyar da ke ɗingishi ba ta tsayawa ta ci ta ƙoshi, ba ta yarda a hau ta, don haka ko tana neman bijimi ma ba a ganewa.

In kuma wata rana ka ce za ka kafa naka, kada ka fara da sayen saniya. Fara da ruwa, domin madara kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce, mai yawan madara kuma tana iya shan fiye da lita 100 a yini. Sai abincin da zai kai ka ƙarshen shekara, har lokacin da ciyawa ta yanke. Sai mai saye da zai karɓa kullum, da hanyar sanyayawa kafin ta isa gare shi. Bayan waɗannan ne za ka zaɓi iri. Holstein ta fi kowa yawan madara, amma zafi yana karya ta kuma cinta da yawa. Jersey ƙarama ce, madararta ta fi maiƙo. Ka duba yanayin wurin da abin da za ka iya zuba mata a kwami kullum, sannan ka sayi wadda za ka iya riƙewa, ko da biyu ce.