Tambaya da Amsa: Na Tura Ɗana Neman Digiri, Ya Koma Mai Bishara

TAMBAYA: Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce, malamar firamare, ina da 'ya'ya huɗu. Babban ɗana yana shekara ta biyu a jami'a, inda yake karanta ilimin haɗa magunguna. Tun da ya shiga zumuntar ɗalibai Kirista, duk lokacin da na kira shi da yamma sai ya ce mini yana wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, ko kuma suna zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai suna bishara. A hutun da ya wuce kwana uku kacal ya yi a gida, ya bi abokansa zuwa wani ƙauye wa'azi. Sakamakonsa na zangon da ya gabata ya ja baya, ni kuwa da adashi nake biyan kuɗin makarantarsa. Ba aikin Allah nake ƙi ba, domin ni ma ina cikin zumuntar mata, amma ashe wannan ba aikin fastoci ba ne? Ga kuma irin zaman da muke ciki a Arewa, gabana yana faɗuwa. Shin in hana shi?

Daga wata uwa a Kaltungo, Jihar Gombe

AMSA: Mama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara miki ƙarfi a kan renon waɗannan yara. Shawarata ita ce kada ki hana shi, amma kuma kada ki yi shiru a kan maganar sakamakon jarrabawarsa, domin bishara da karatu a wurin ɗalibi ba kishiyoyin juna ba ne.

Ki tuna yadda ɗanki ya tashi. Ke kike tashe shi addu'ar safe, ke kike tura shi makarantar Lahadi, idan bai je sujada ba kuwa dattawan ikkilisiya za su tambaya. Ranar da ya ajiye jakarsa a ɗakin kwanan jami'a, duk wannan ya ƙare. Babu mai tashe shi, babu mai tambayarsa inda ya kwana, kuma a karo na farko zai zauna da mutanen da ke ganin bangaskiyarsa tatsuniya ce, da waɗanda za su ja shi zuwa shaye-shaye, ko ƙungiyar asiri, ko satar amsa a jarrabawa. A cikin waɗannan shekaru huɗu ko biyar ne yaro yake yanke wa kansa shawara ko bangaskiyar da ya gada a gida za ta zama tasa, ko kuwa zai tuɓe ta kamar rigar da ta yi masa kaɗan. Fasto, komai himmarsa, ba ya cikin ɗakin nan da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da wani yaro ya faɗi jarrabawa, ko kuɗinsa ya ƙare, ko aka yi masa waya cewa mahaifinsa ya rasu. Wanda yake wurin shi ne abokin ɗakinsa. Idan abokin nan ya san Almasihu, ya kuma iya buɗe baki ya yi magana da hankali, to ikkilisiya ta isa inda ba ta da wata hanyar isa.

Saboda haka ne tun farko aka gina wannan aiki a kan ɗalibai da kansu. A 1947 wakilai daga ƙasashe goma suka taru a Jami'ar Harvard ta Amurka suka kafa tarayyar ɗalibai masu bishara ta duniya, wadda ake kira IFES, bisa fahimtar cewa ɗalibi ne ya fi dacewa ya kai bishara ga ɗalibi ɗan'uwansa. A nan Arewa, zumuntar ɗalibai Kirista da ake kira FCS ta samo asali a Gindiri a 1957, ta bazu cikin makarantun sakandare da kwalejojin horar da malamai, daga baya ta shiga manyan makarantu. NIFES kuma, wadda ita ce reshen waccan tarayya ta duniya a Nijeriya, an kafa ta a 1968. Ki bincika tarihin fastoci da malamai da likitoci da dattawan da kike girmamawa a ikkilisiyoyin ECWA ko COCIN ko EYN, za ki tarar da yawansu a irin wannan zumunta suka fara jagorantar addu'a, suka fara riƙe kuɗin jama'a da amana, suka fara tsayawa gaban mutane. Har ƙungiyar CAPRO, wadda a yau take aika masu bishara zuwa ƙasashe da dama, a Zariya ta soma a 1975, a hannun matasa da ba su daɗe da gama karatu ba, cikinsu har da masu bautar ƙasa.

Game da cewa aikin fastoci ne, ina ganin ke kanki kin san amsar. Turawan mishan sun iso ƙasar Tangale a 1917, amma ba ƙafarsu ce ta taka kowane ƙauye ba, 'yan ƙasa ne waɗanda ba su taɓa shiga makarantar tauhidi ba suka ɗauki saƙon gida-gida. Haka kuma shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, da ya kama ikkilisiyoyinmu tun shekarun 1960, manoma ne da 'yan kasuwa da matan zumunta irinki suke fita. Ɗanki a kan sawunku yake, sai dai shi unguwarsa jami'a ce. Ko manzo Bulus ma, da ya isa Afisa, a makarantar Tiranus ya zauna yana tattaunawa da mutane kowace rana har shekara biyu, kuma littafin Ayyukan Manzanni sura 19 ya nuna cewa daga nan ne maganar Ubangiji ta game dukan lardin Asiya. Jami'a ma haka take: tana tara Batangale da Bajju da Bayarabe da Ibo a ɗaki ɗaya, bayan 'yan shekaru ta watsa su cikin asibitoci da kotuna da ma'aikatu na ƙasa duka, kowa ɗauke da abin da ya zama a can.

Sai maganar sakamako, kuma a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Na sha ganin ɗalibai masu himma da suka ɗauka cewa tashi addu'ar dare zai maye gurbin zaman ɗakin karatu, daga ƙarshe suka maimaita shekara, wasu ma aka sallame su. Wannan ba ibada ba ce, sakaci ne da aka yafa wa mayafin ibada. Ɗalibin da ba ya zuwa lacca, wanda malamansa suka san shi da faɗuwa, da wane baki zai gaya wa abokan ajinsa cewa Allahnsa mai aminci ne? Ki tuna masa da Daniyel da abokansa uku, waɗanda aka kai su Babila aka sa su cikin horo na shekara uku a kan harshe da ilimin Kaldiyawa. Sun ƙi ƙazantar da kansu da abincin sarki, amma ba su ƙi karatu ba, kuma da ranar gwaji ta zo sarki ya same su sun fi masanan ƙasarsa har sau goma. Ga wanda zai zama mai haɗa magunguna abin ya ma fi nauyi, domin darasin da ya tsallake yau, rayuwar wani majiyyaci ce gobe. Ki zauna da shi, ki nuna masa lissafin adashin nan ba tare da ɓoye komai ba, ki kuma nemi ya rage yawan tarurrukan da yake zuwa a mako, ya ƙi karɓar sabon muƙami a zumunta har sai sakamakonsa ya dawo daidai. Zumunta ta gari ba za ta ji haushin wannan ba. Masu kyau daga cikinsu ma sukan shirya wa ƙananan ɗalibai darussan bita kyauta, sukan kuma rage hidima idan jarrabawa ta gabato.

Tsoronki kuwa yana da tushe, ba zan ce miki babu komai ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga taron ɗalibai Kirista ya tashi a Kwalejin Ilimi, bayan an zargi mai wa'azi da taɓa Alƙur'ani cikin jawabinsa, kafin a ankara wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. A watan Afrilu 2012 kuma 'yan bindiga sun kai hari kan masu sujada a tsohon matsugunin Jami'ar Bayero da ke Kano, suka kashe ɗalibai da malamai. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, sai dai samun 'yanci ba ya ɗauke wa mutum wajibcin yin hikima. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta umarci mai bi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa ga duk wanda ya tambaye shi, amma da tawali'u da ladabi. Mai bishara na gaskiya yana faɗin abin da Almasihu ya yi masa, ba ya zagin abin da maƙwabcinsa yake girmamawa, ba ya tilasta wa wanda ya ce ba ya so, ba ya kuma shiga gardamar addini a dandalin WhatsApp na aji, inda kalma ɗaya kan fita daga hannun mai ita cikin minti guda. Abokan karatunsa Musulmi maƙwabtansa ne, da su zai ci abinci, da su zai yi aiki har tsufa, kuma ya kamata su san shi da gaskiya da riƙon amana tun kafin su ji wa'azinsa. Game da fita ƙauyuka, haƙƙinki ne ki san sunan garin, da babban da zai jagorance su, da ko an sanar da ikkilisiyar wurin da mai garin.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma ya fi damuna fiye da sauran, wato wace irin zumunta ce ya shiga. Ba duk mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki a harabar jami'a ne ya cancanci a ba shi amanar yaro ba. Zumunta mai lafiya tana da rajista da hukumar makaranta, tana da malamai ko ma'aikata da ke tsaya mata a matsayin iyaye, tana canja shugabanninta kowace shekara, tana kuma bayyana yadda aka kashe kuɗin baiko. Idan kuwa kika ji komai yana rataye a wuyan mutum ɗaya da ba a yi masa tambaya, ko ana karɓar kuɗin abincin yara da sunan shuka iri, wato ba da kuɗi don a sami albarka, ko ana koya musu cewa iyayensu ne ke tare musu ci gaba, to a nan kam ki sa ƙafa ki hana, ki kuma sanar da fastonku.

A hutu mai zuwa ki ce masa mako biyu na farko naki ne da ƙannensa. Ki ba shi jagorancin addu'ar gida a waɗannan kwanaki, ki saurari abin da yake koyarwa da kunnenki, sa'an nan ki karɓi lambar wayar ɗaya daga cikin malaman da ke kula da zumuntar tasu, ki kira shi ku gaisa.