Katin da aka rataya wa ɗana a makaranta, bin sawunsa yake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jidda nake zaune. Makarantar kuɗin da ɗana yake zuwa ta raba musu kati mai igiya, suna ratayawa a wuya. Da ya shiga ƙofa sai saƙo ya shigo wayata cewa ya iso. Kakarsa ta dage a cire masa, wai yana cutar da jiki, kuma ana ganin duk inda yaro ya sa ƙafa. Ina gaskiyar lamarin?
Daga wata uwa a Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar wa Hajiya Babba da hankali, katin nan ko batir babu a cikinsa. Ki haska bayansa da tocilan waya a cikin duhu, idan ba shi da kauri za ki ga inuwar siririn zaren ƙarfe an naɗe shi zagaye da gefe, da wata 'yar ƙwaya kamar riɗi. Sunan fasahar RFID. Na'urar bakin ƙofa ce ke sakin igiyar rediyo, zaren ya ɗebi 'yar wuta daga gare ta, ƙwayar ta farka ta faɗi lambarta. Kwamfuta ta haɗa lambar da sunan yaro, ta rubuta lokaci, ta turo miki saƙo. Haka katinki na banki, wato mada, yake yi idan kin ɗora shi a kan na'ura a baƙala, wato kantin unguwa.

Bin sawu kuwa sai da GPS, shi kuma ba ya ciki. Katin da ake ɗorawa a kan na'ura, nisan da ake karanta shi bai wuce 'yan santimita ba. Wanda ƙofa ke karantawa daga nesa, 'yan mitoci ne iyakarsa.

Ni damuwata daban ce. Na'urar kati take ƙirgawa, ba yara ba. Yaro mai wayo zai miƙa wa abokinsa katinsa a bakin titi, ke kina gida kin ga saƙo kin ce alhamdulillahi. Saboda haka ki riƙa gwada saƙon da abin da malami ya rubuta a Noor, tsarin intanet na Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya, ki kuma riƙa leƙa littattafansa. Sannan ki tambayi makarantar ko akwai na'urar a motar makaranta, a lokacin hawa da sauka. A nan ne amfaninta ya fi yawa, domin kin san zafin Jidda, ƙaramin yaro ya yi barci a kujerar baya a kulle mota da shi ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kina kuma da haƙƙin sanin wa ke riƙe da bayanan, makaranta ko kamfanin da ya girka na'urar. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, wato SDAIA, ke kula da ita.

Idan igiyar ta tsinke, kada a huda katin da ƙusa. Zaren zai iya yankewa, a riƙa rubuta yaron bai zo ba alhali yana aji.