Yaya, ba jikinki ne ya saba da magani ba

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari saƙonki. Kin ce ke da ba ki cika shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, ta yaya za a ce wanda aka fara rubuta miki bai kama ba. To, mutane suna yawan cewa jiki ne ke sabawa da magani, kuma wallahi ba haka ba ne. Ƙwayar cutar ce ta zo miki da shirinta. Mai yiwuwa ma ba a jikin mutum ta samo taurin kan ba, a hanjin kaza ko saniya ta samo shi.

Kin ga ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, suna ɗauke da wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a jikinsa ake yawan samun ƙwayar gadon da ke hana magani aiki. Kuma ba sai ta hanyar haihuwa ake gadonsa ba fa. Biyu za su manne da juna, wannan ta miƙa wa waccan, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Shi ke nan, wadda jiya magani ke kashewa, yau ta gagara.

Bari in ba ki misalin da ba ya fita raina, na colistin. Tsohon magani ne, likitoci sun ajiye shi saboda yana taɓa ƙoda, sai da sauran suka fara gazawa aka koma masa, ya zama na ƙarshe da ake ɗaukowa idan an rasa yadda za a yi. Amma a wannan lokacin ana ta zuba shi a abincin aladu da kaji don su yi saurin girma! A 2016... a'a, ƙarshen 2015 ne, masu bincike a China suka sanar da gano mcr-1, wato ƙwayar gadon da ke hana colistin aiki, a jikin dabbobi, a ɗanyen nama, har da marasa lafiya a asibiti. Cikin 'yan watanni ƙasashe da dama suka duba tsofaffin samfuran da suka adana, ashe ya daɗe yana yawo. China ta hana sa colistin a abincin dabba a 2017, kuma yawan mcr-1 ya ragu. Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta hana ba dabba irin waɗannan magunguna don ƙiba.

Ni na yi aiki a wata gonar kaji, tun ranar da 'yan tsaki suka iso ake kaɗa musu magani a ruwa, lafiyarsu ƙalau. Na yi magana, mai gonar ya ce rigakafi ne. Na ce ranka ya daɗe, kashinsu fa gona za a kai shi, ruwa ya wanke... kai, har yau abin yana min ciwo, bari in bar shi haka.

Nama dai in ya dahu sosai, ƙwayar ta mutu. Matsalar wuƙa ce da katakon yanka, a yanka ɗanyen nama, a juya a yanka ganyen da ba za a dafa ba. Sai kuma hannu.

Ke dai Yaya, ki koma ki roƙi a yi miki gwajin da ake shuka ƙwayar a ga wane magani ke kashe ta. Kwana biyu zuwa uku yakan ɗauka. Kada ki sayi wani da kanki kafin sakamakon ya fito, don Allah.