Na ba Kirista haya a Agege, yanzu ina so ya tashi: me doka ta ce?

Barista, ina da gidan haya mai ɗakuna takwas a Agege, ni da iyalina muna zaune a ɓangaren baya. Shekara biyu ke nan da na ba wani Bayarabe Kirista ciki da falo. Shekara-shekara yake biya, bai taɓa riƙe mini ko kwabo ba. Watanni huɗu da suka wuce ya fara tara mutanen cocinsu duk daren Juma'a, su kai goma sha biyar, da ganga da 'yar lasifika, har ƙarfe biyu na dare. Ya kuma manna gicciye a ƙofarsa. Ƙanena ya ce mu yanke masa wuta mu cire ƙofar, da kansa zai kwashe komatsansa. Ba zan ɓoye maka ba, ko da babu ƙarar, raina ba ya son a riƙa ibadar da ba ta Musulunci ba a gidan da na gina da gumina. Ba mu rubuta yarjejeniya ba, rasit kawai nake ba shi. Ina mafita?

Alhaji, ranka ya daɗe, na gode da ka faɗi abin da ke ranka ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba, domin shi ne ya ba ni damar raba maka abubuwa biyu da suka cakuɗe a wasiƙarka. Akwai ƙarar da ke hana iyalinka barci, akwai kuma addinin mutumin. A kan ƙarar, doka na bayanka. A kan addinin, ba ta tare da kai.

Kafin komai, don Allah ka riƙe hannun ƙanenka. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Agege ke ƙarƙashinta (Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ne kawai aka ware), ta mai da irin wannan aiki laifi a sashe na 44. Wanda ya lalata wani ɓangare na gini don ya fitar da ɗan haya, ko ya tsorata shi, ko ya matsa masa da nufin ya tashi ba da umarnin kotu ba, zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Bayan wannan, mutumin na iya kai ka ƙara ya nemi diyya. Ranar da aka cire ƙofar nan, kai mai ƙorafi ka koma wanda ake tuhuma, maganar ganga da lasifika kuwa ta bi ruwa. Haka nan kada a tura samarin unguwa su tarwatsa su suna tsakiyar addu'a. Hargitsa taron ibada da cin mutuncin addinin wani duk laifuffuka ne a dokar laifuffuka ta Legas, kuma ka fi ni sanin yadda ƙaramar rigima tsakanin Bahaushe da Bayarabe ke girma a unguwanninmu kafin a ankara.

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin addini, da 'yancin bayyana shi ta ibada da koyarwa, shi kaɗai ko cikin jama'a, a fili ko a keɓe. Ɗakin da ka karɓi kuɗinsa ya zama mazaunin ɗan haya har wa'adinsa ya cika, kuma sashe na 6 na dokar haya ya ba shi haƙƙin zama cikinsa ba tare da katsalandan ba. Saboda haka karatun Baibul da iyalinsa, da waƙar yabo a cikin ɗaki, da gicciyen da ke ƙofarsa, babu alƙalin da zai karɓe su a matsayin laifi. Sashe na 25 na dokar haya ya lissafa dalilan da kotu ke dubawa wajen mayar wa mai gida da gidansa, kamar bashin kuɗin haya, saɓa sharaɗin da aka ƙulla, amfani da gida wajen aikata haram a doka, buƙatar mai gida ta shiga da kansa, da damun maƙwabta damuwar da ba za a iya jurewa ba. Addinin ɗan haya ba ya cikinsu.

Wannan sashe na 38 ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne garkuwar 'ya'yanmu mata lokacin da aka hana su sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar nan. Babbar Kotun Legas ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2016, sannan a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ɗaliba Musulma na da 'yancin sanya hijabinta. Mun yi murna a ranar. To rigar da ta rufe 'yarka a makaranta, ita ce ta rufe ɗan hayarka a ɗakinsa, ba a yanka ta gida biyu.

Amma 'yancin ibada bai haɗa da hana mutane barci ba, kuma nan ƙarfinka yake. Sashe na 45 na kundin ya yarda a yi dokokin da za su taƙaita wannan 'yanci don kare lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zaman jama'a: desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 45 da dare. Ganga da lasifika a tsakar dare cikin gidan da bango ɗaya ya raba ɗaki da ɗaki sun zarce wannan nesa ba kusa ba. Hukumar ta sha rufe coci-coci da masallatai a kan haka, ba ta duba na wane ne. Sannan ɗakin kwana ka bayar. Mutum goma sha biyar duk mako, suna amfani da banɗaki da ruwan gidan, wannan ya fara zama sauya wa ɗaki aiki ba da izininka ba. Da an rubuta yarjejeniya da sharaɗin cewa ɗakin na zama ne kawai, da aikinmu ya yi sauƙi. Tun ran gini ran zane. Duk da haka rashinta bai kashe maganarka ba.

Yanzu zan gaya maka wani abu da wasu lauyoyin za su fara da shi, ni kuwa na jinkirta shi da gangan. Kana iya kawo ƙarshen hayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Mai biya shekara-shekara, idan ba a rubuta wani wa'adi daban ba, notis ɗin wata shida ne haƙƙinsa, kuma kada ya ƙare kafin shekarar da ya biya ta cika. In wa'adin ya wuce bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi za ka je kotu, sannan a shigar da ƙara a kotun majistare. Ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da kaya, bayan hukunci. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki da ya hana nuna bambancin addini ya fi shafar dokoki da ayyukan gwamnati, don haka da wuya a kama ka da shi a matsayinka na mai gida. Wannan ƙofa a buɗe take.

Sai dai ban ba ka shawarar ka bi ta ba idan addininsa ne kawai dalilin. Ni kaina na ga 'yan'uwanmu da yawa, daga Mile 12 zuwa Idi-Araba, sun dawo da kuɗinsu a aljihu bayan ejan ya ji sunansu ya ce an riga an kama ɗakin. Mun san zafin wannan, muna kuma kiran sa zalunci, kuma zalunci ne. Mutumin nan shekara biyu bai ci maka kwabo ba. Ka san Kirista ne ranar da ka miƙa masa makulli. Iyayenmu da suka zo Agege fataucin goro a cikin wasu al'umma suka sauka, aka ba su wuri suka gina masallatai, ga shi yau jikokinsu na da gidajen haya. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba, amma a karatun da muka tashi da shi, haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba. Rashin jin daɗin da ke ranka babu dokar da za ta hukunta ka a kansa. Abin da za ka aikata saboda shi ne ake tambaya.

Ga yadda zan so ka tafiyar da lamarin. Ka same shi da rana, ba daren Juma'a rai a ɓace ba, tare da dattijo ɗaya da yake ganin girmansa. Ka ce masa addu'arsa da iyalinsa ba ruwanka da ita, abin da ba ka yarda da shi ba shi ne lasifika da ganga bayan ƙarfe goma da tara jama'ar waje a ɗakin kwana. Kada kalmar coci ko gicciye ta fito daga bakinka a matsayin ƙorafi. Sau da yawa irin wannan taro na da fasto a samansa, kuma yawancinsu sun san LASEPA sarai, ba sa son sunan cocinsu ya je ofishin hukumar a Alausa.

Idan bai ji ba, ka rubuta masa takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. Ka riƙa naɗar ƙarar a waya daga cikin ɗakinka kana rubuta rana da lokaci, kuma ka tambayi sauran 'yan hayar, musamman Kiristocin cikinsu in akwai, ko za su ba da shaida. Shaidar Kirista cewa shi ma ba ya barci ta fi komai wanke ka daga zargin ƙiyayyar addini. Daga nan ka kai maganar Cibiyar Sulhu ta 'Yan Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda aka fi sani da CMC. Kyauta suke aiki, rigimar mai gida da ɗan haya ce abincinsu na kullum, kuma yarjejeniyar da kuka sa wa hannu a can, idan kotu ta amince da ita, tana da ƙarfin hukunci. A wannan zaman ne za ka nemi a rubuta muku yarjejeniyar hayar da ba ku yi ba tun farko, da sharaɗin lokacin kashe ƙara da yawan baƙi. Ka sa sharaɗin ya hau kan kowa a gidan, har da wanda ke kunna wa'azi a rediyo da ƙarfi bayan sallar asuba.

In duk wannan ya ci tura, ka kawo mini rasit ɗin ƙarshe da kwafin takardar da ka ba shi da abin da ka naɗa, mu lissafa ranar da notis zai fara, mu kuma rubuta shi a kan damun maƙwabta.