Raƙuman dawan Kure ba su da shinge

Ɗana, na ga hotunan da ka turo daga Yankari, har da wanda kake tsaye tsamo-tsamo cikin ruwan Wikki kana washe baki. Ka ce in gaya maka ko mu Hausawan Yamai muna da irin wannan wurin, da kuma wanda ke kula da shi. Muna da shi, sai dai in ka zo da idon Yankari za ka wuce ta gabansa cikin mota ba ka sani ba.

Bari in fara da gaskiyar halinmu. Bahaushen Yamai ɗan kasuwa ne, da wuya ya rufe shagonsa a Katako ko Wadata don kallon dabba. Yawon buɗe idonmu na ranar sallah ne: a yi wa yara ado, a kai su gidan tarihi na Boubou Hama, wanda kowa ke kira mize. Tun 1959 yake nan tsakiyar gari, akwai zaki da kura da dorina a tsare, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamada. Abin da ya yi kama da Yankari sosai kuwa shi ne gandun W, can kudu, kimanin kilomita 150 daga nan, inda kogin Kwara ya lanƙwashe kamar harafin W. Nijar da Benin da Burkina Faso ne suka haɗa shi, akwai giwa da ɓauna da zaki. Amma 'yan bindiga sun shiga dajin a shekarun nan, ba zan ce maka ka je ba.

Wanda nake son ka sani shi ne Kure.

Kure na kan hanyar Doso, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Hanyar gida ce gare mu, domin duk wanda zai je Dogondutsi ko Ƙonni ko Maraɗi, ko ya tsallaka Najeriya, ta nan zai bi. Na yi shekaru ina wucewa ina gyangyaɗi kafin in taɓa sauka. A wannan yankin ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, irin masu hasken fata, waɗanda a da ake samu tun daga Senegal har tafkin Chadi. Ba ƙofa, ba waya, ba katanga. Gonakin Zabarmawa ne da makiyayar Fulani, raƙuman kuma na yawo a tsakaninsu. Za ka ga mace ta ɗauko ruwa a ka, ga dabbar da ta fi ɗakinta tsawo tana cin ganye a gefen hanya, ba wanda ya kula wani.

In za a je, sai a fita bayan asuba da mota mai ƙarfi, wadda muke kira kat-kat. A bakin titi akwai wurin 'yan jagora. Nan za ka biya kuɗin shiga da na mota da na jagora, a ba ka mutum ɗaya ya shiga motarku. Kada ka ga kuɗin jagoran kamar asara. 'Yan ƙauyukan nan ne, kuma ba su da wata na'ura sai ido da tambaya. Namu ya tsayar da mu fiye da sau uku, ya duba sawu a yashi, ya yi Zabarmanci da wani yaro mai kiwo, ya hau kan mota ya hanga, sannan ya ce a karya hagu. Da muka same su sai muka sauka muka taka a ƙasa. Ya ce kada a yi hayaniya, kada a nufe su kai tsaye. Wata ta ɗago kai daga cikin reshe ta zuba mana ido tana tauna, ta ga ba mu da wani amfani, ta ci gaba da harkarta.

Inda za ka same su ya danganta da lokaci, kuma kai da ka tashi a gona za ka fi kowa gane dalili. Da damina suna kan tudu kusa da Kure, inda daji ya yi kore. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Bosso. Me ke can? Gawo. Ka san halinsa, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Gawon da manomi ya bari a gonarsa don taki da abincin awaki, shi ne tukunyar raƙumin dawa.

To wa ke kula? A takarda, ma'aikatan gandun daji ne, masu kaki, kuma doka ta hana kashe raƙumin dawa, akwai ɗauri da tara. Ana ƙirga su, ana gane kowane da zanen jikinsa, domin ba biyun da zanensu ya zo ɗaya. A 1996 saura 49 kacal. A shekarar ma an yi yunƙurin kama wasu don a yi wa shugabannin maƙwabta kyauta, da dama suka mutu a wajen kamun. Bayan shekara 20 da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 a mota aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi, don kada ƙwai ya taru a kwando ɗaya.

Amma ni dai ban yarda kaki ne ya raya su ba. Mutumin da ya shuka wake, ya wayi gari raƙumi ya yi masa aski, ko ya zura wuya ta saman darni ya kwashe masa mangwaro, shi ne mai gadin gaske, tunda ya ga ɓarna ya bar kwari da baka a rataye. Ƙungiyoyin kare raƙuman sun gane haka, shi ya sa aikinsu ya fi yawa a kan mutane: a haƙa rijiya, a ba mata ƙananan rance, a taimaka da iri. Duk da haka na ji wani dattijo yana cewa rijiya ta gari ce, waken kuwa nasa ne shi kaɗai. Ban sami abin ce masa ba.

Akwai kuma laifin da ke kanmu mutanen birni. Dajin da raƙuman ke ci, shi ake sara a loda a mota a kawo mana Yamai itacen girki. Ranar da muka dawo na ga tulin itace a ƙofar gida, jikina ya yi sanyi. Mun sayi tukunyar gas daga baya, ko da yake innarka har yau cewa take tuwon gas bai kai na murhu ba.

Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagora. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. 'Yan jagora sun rasa abin yi, raƙuman kuwa ba su rage cin wake ba.

Don haka in za ka zo, ka bari sai damina ta kama, lokacin suna kusa da titi. Ka sanar da ni da wuri in tambayi mutanen wurin yadda hanya take, in sun ce a dakata mu dakata. Ko ba mu shiga ba, in motarku ta baro Doso ka nemi kujerar taga, kada ka yi barci irin nawa. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa kilishinsa na nan tafe.