Amsa ga mai tambaya kan waƙarsa da aka yi wa wata fassara

Ɗan'uwa, ka ce ka saka rubutacciyar waƙa a Facebook kan itacen da ya bushe a tsakar gida, kana nufin mahaifinka da ya rasu, amma wasu suka ɗauka habaici kake yi wa wani, saura kuma "Allah ya ƙara basira" kawai suka rubuta. Allah ya jiƙan Baba.

Wannan ba laifinka ba ne kai kaɗai. Kunnen Bahaushe ya saba da habaici da zambo, don haka da zarar ya ga an ɓoye suna a baiti, sai ya fara laluben wanda ake nufi. Ga shi kuma rubutacciyar waƙarmu tun asali rerawa ake yi. Muryar mai rerawa ita ke nuna ta'aziyya ce ko gugar zana. A allon waya wannan muryar ta ɓace, mai karatu na gungurawa da babban yatsa, baiti biyu zai gani ya yanke hukunci.

Shawarata, ka naɗi muryarka kana rera ta, ka haɗa da rubutun. Sannan a baitin buɗewa, bayan yabon Allah da salati, ka fito da jigon fili yadda magabata ke yi, ka ce marsiyya ce, wato waƙar ta'aziyya.

Masu addu'a kuwa, kada ka raina su, amma ba su za su gyara maka waƙa ba. Nemi mutum ɗaya da ya san kari (ma'aunin waƙa) da amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen layuka), ka roƙe shi ya nuna maka ɗangon da ya karye, wato layin baitin da bai hau ma'auni ba.