Ƙwayar barcin da nake sha ta daina yi mini aiki, in ƙara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a nan Tawa, ƴaƴana huɗu. Maigidana yana cirani a Libiya, wani lokaci sai a yi wata guda ba mu ji muryarsa ba. Tun bayan babbar salla ba na barci. Da na kwanta sai tunani, gabana ya riƙa faɗuwa, da safe kuma abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Maƙwabciyata ta ba ni wata ƴar ƙwaya, ta ce diyazefam ce, wajen mai tire take saye. Da farko guda ɗaya tana sa ni barci. Yanzu wata uku ke nan, ko biyu na sha sai in farka tsakar dare. Ta ce in riƙa haɗawa da tramol da rana don in samu ƙarfin aiki. Wallahi ina tsoron kada in haukace. In ƙara ƙwayar ne, ko akwai wadda ta fi ta ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa ba hauka ba ne. Damuwa ce ta daɗe tana cin ki, kuma tana da dalili: gida a kanki, yara a kanki, mai gida a ƙasar da kowa ya san halin da ƴan cirani suke ciki a can. Jikin da ya kwana ya tashi cikin fargaba ba ya sakin jiki ya yi barci. Wannan yana da magani. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙwayar nan.

Kada ki ƙara. Kada ki kusanci tramol. Kuma, ki ji wannan da kyau, kada ki daina diyazefam ɗin yau da kanki.

Babu ranar da za ta wuce ba a zo mini da wannan zancen ba, wai ai ƙwayar barci ce kawai, tana kwantar da hankali. Diyazefam magani ne na gaske, tun 1963 yake kasuwa da sunan Valium, kuma mu ma a asibiti muna amfani da shi, misali wajen tsayar da jijjiga. Amma idan aka rubuta shi don damuwa ko rashin barci, na ɗan lokaci ne, sati 2 zuwa 4, a ƙarƙashin idon likita. Dalili kuwa shi ne abin da ya same ki: ƙwaƙwalwa tana sabawa da shi, abin da guda ɗaya ya yi jiya sai biyu gobe. Barcin da yake kawowa ma ba cikakke ba ne, yana rage barci mai nauyi, wanda shi ne yake hutar da jiki. Ga shi yana daɗewa a jini, na daren jiya bai gama fita ba an aza masa na yau. Shi ya sa mace za ta wayi gari kanta ya yi nauyi, ta manta inda ta ajiye kuɗin cefane, ta ce damuwar ce ta ƙaru. Tukunya ce tana tafasa aka danne murfinta, ba a janye itacen ba.

Sai kuma a ce mata ta sha tramol ta wartsake. Wanda muke bayarwa a asibiti don ciwo mai tsanani miligiram 50 ne, kuma babban mutum ba ya wuce 400 a yini. Na kan tire akwai mai 200, akwai mai 225. Shi kaɗai yana iya jefa mutum cikin jijjiga, idan kuma ya haɗu da diyazefam su biyun suna danne numfashi. Akwai waɗanda suka kwanta a haka ba su tashi ba.

Ki dubi tiren nan da kyau wata rana. Yini yake yi a kan mutum cikin ranar Afirilu, zafi ya wuce digiri 40, fakitin ya koɗe har rubutun ba ya karantuwa. An sa reza an yanko ƙwaya bibbiyu, wasu ma an zube su a ƙullin leda, babu suna, babu ranar lalacewa. Mai sayarwar bai tambaye ki ko kina da ciki ba, bai tambaye ki ko kina shayarwa ba, alhali diyazefam yana bin nono ya sa jariri ya yi ta barci ya kasa tsotso. Shi dai a miƙo kuɗi. Kuma kowa yana ganinsu a bakin tasha da kasuwa, ido na ganin ido, kamar masu tallan goro. Ni wannan abin ya ishe ni.

Abin da ya sa na ce kada ki daina farat ɗaya: jikin da ya yi watanni yana sha, idan aka yanke masa rana ɗaya sai ya yi bore. Rawar hannu, gumi, tsoro marar dalili, rashin barcin da ya fi na farko, wani lokaci har faɗuwa da jijjiga. Mun sha ganin haka. Mai tire ya tafi garinsu noma, ƙwaya ta yanke, bayan ƴan kwanaki mace ta faɗi tana kakkafewa, dangi su ce iska ce, a yi ta hayaƙi da turare, sai ta galabaita a kawo ta asibiti, kuma babu wanda zai ambaci ƙwayar saboda kunya. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan, cikin makonni, wani sa'in watanni, kuma likita ne yake tsara yadda za a rage.

To ita damuwar fa? Da ita za a yi aikin gaske, kuma yawancinsa ba da ƙwaya ba ne. Ki tsayar da lokacin tashi guda, ko kin yi barci ko ba ki yi ba, kada ki rama da dogon barcin rana. Shayi da goro su tsaya daga azahar, domin rabin abin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jiki bayan kusan awa 5. Wayar nan da kike kwana da ita a ƙarƙashin matashi kina jiran saƙon murya daga Libiya, ku yi magana da maigidan ku sa rana da lokacin kira, sauran dare ki ajiye ta nesa. Idan gabanki ya fara faɗuwa, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ya fi jan tsawo, ki maimaita na ƴan mintoci. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Azkar ɗinki na safe da yamma ki riƙe su. Wanda ya ce miki ƙarancin imani ne ya hana ki barci, bai san abin da yake faɗa ba. Sannan ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri, yaya ko inna, ki riƙa amayar mata da abin da ke ranki, ki kuma bar ta ta ɗauke miki wani abu daga hidimar yaran.

Cikin satin nan ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko babban asibitin jihar Tawa, ki tafi da ragowar ƙwayar a hannu, ki faɗi gaskiyar nawa kike sha da tun yaushe. A auna hawan jini, a duba ƙarancin jini, a duba maƙogwaro ko akwai ciwon maƙoƙo, domin su ma suna kawo faɗuwar gaba. Idan ya fi sati 2 ba kya jin daɗin komai, abinci ya fita ranki, kina yawan kuka, ki faɗa, wannan yana da nasa magani dabam wanda ba ya kama mutum irin na diyazefam. Idan kuwa tunanin gara mutuwa ya taɓa zo miki, ranar za ki je, ba gobe ba, kuma ki tafi da wani naki. In an ga abin ya fi ƙarfin nan, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai.

Layi yana da tsawo, ma'aikaci ya gaji, yana iya rubuta miki farasitamol ya kira na gaba. Kada ki tashi. Ki ajiye masa ƙwayar a kan tebur ki ce wata uku kina shan wannan kullum, kina son a tsara miki yadda za ki rage ta.